Batirin Prius ɗin Yayana: Abin da Muka Tarar Bayan An Ce An Gyara

Ranar da fitilar gargaɗi mai siffar jan alwatika ta sake kunnuwa a gaban motar yayana, sati bakwai ke nan da ɗaura mata batirin da aka ce an sabunta. Motar Toyota Prius ce ƙirar 2007, 'yar kwatano. Da ita yake ɗaukar fasinja a Abuja, da ita kuma ake cefanen gida biyu. Ya saye ta ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da duk direban da ke lissafin lita ya fara waiwayar motocin nan masu haɗa inji da batir. Ni aikina wutar mota ne, rewaya kamar yadda ake kiranmu a gareji, don haka ni ya kira.

"Ƙanena, ta sake," in ji shi. "Inji ba ya hutawa, fankar baya sai gurnani take yi, in na taka ma da ƙyar take tashi."

Na ce, "Yaya, don Allah kada ka cire kan ƙaramin batir mai bolt 12, kada kuma ka bar kowa ya sa kwamfuta ya goge lambobin matsalar. Ka lallaɓo da ita haka."

Dalilin wannan roƙo shi ne, a daidai sakan ɗin da motar ta gano matsala, kwamfutarta tana ajiye hoton halin da batirin ke ciki: bolt ɗin kowane sashe, zafinsa, yawan wutar da ake ja, da cajin da ya rage. Wanda ya cire kan ƙaramin batir don fitilar ta mutu ya share wannan shaidar, kuma bayan kwana biyu ko uku fitilar za ta dawo. Haka aka yi ta yi wa motar a baya, har sau biyu a wurin wanda ya haɗa batirin.

Sai an san yadda aka gina batirin kafin a fahimci sauran bayanin. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, babban batirin yana bayan kujerar baya, cikin akwatin ƙarfe mai nauyin wajen kilo 40. A cikinsa akwai modul 28, wasu siraran alluna da aka jera aka matse su da sandunan ƙarfe. A gareji "sel" ake ce musu, amma kowane modul sel shida ne a cikinsa, kowanne bolt 1.2. Modul ɗaya ke nan bolt 7.2 ne, jimillar sel 168, batirin gaba ɗaya bolt 201.6. Irin nikel ne, ba litiyam ba, kuma sabon modul yana ɗaukar amfiya-awa 6.5, wato ma'aunin yawan cajin da yake iya riƙewa. Kwamfutar batirin ba ta auna modul ɗai-ɗai, bibbiyu take haɗa su, shi ya sa na'ura take nuna bulok 14. Ba ta kuma barin batirin ya cika taf ko ya ƙare ƙarƙaf. Tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 take juya shi, tana son ya zauna wajen 60.

Da motar ta iso, ƙaramin batirin na fara aunawa, mai bolt 12 da ke cikin but ta gefen dama. Shi ke tada kwamfutocin motar, kuma in ya yi rauni yana sa su fitar da lambobin ƙarya. Bayan motar ta huta ya nuna 12.5, da aka kunna ta fitilar READY ta fito ya hau 14.0. Lafiyarsa ƙalau, na cire shi daga zargi.

Lambobin matsalar da na karanta daga kwamfutar motar biyu ne: P0A80, wadda ma'anarta a canza babban batir, da P3017. Lambobi daga P3011 zuwa P3024 kowacce tana nuna bulok ɗin da ya yi rauni, daga na 1 zuwa na 14, don haka P3017 bulok na 7 take nufi. A hoton da kwamfutar ta ajiye, sauran buloka suna wajen bolt 14.6, na 7 yana 13.3, a lokacin da motar ke jan wuta mai yawa. Tazarar bolt 1.3 ke nan, kusan sel guda cur ya fita daga aiki.

Daga nan na jona ƙaramar na'urar OBD2, mai karanta kwamfutar mota, da wayar hannu, na buɗe manhajar Dr. Prius, Yaya yana tuƙi ina kallon allo. Wannan fitar ta minti ashirin ta faɗa mini fiye da abin da mita za ta faɗa a kan tebur. Abubuwa uku na gani.

Na farko, bulok na 7 yana faɗuwa ƙasa da kowa in an taka mai, in kuma an taka burki wuta ta dawo cikin batir sai ya haye sama da kowa. Wannan ita ce alamar modul ɗin da cikinsa ya ƙanƙance: saurin cika, saurin ƙarewa. Na biyu, bulok na 11 yana tsalle ba tare da dalili ba, ko an taka ko ba a taka ba, musamman a kan gargada. Modul ba ya irin wannan tsallen. Wutarsa tana bin lodi ne sannu a hankali, abin da ke tsalle da girgizar hanya waya ce ko noti. Na uku, sensocin zafi uku ne a jikin batirin, biyu suna nuna digiri 47 da 48, na tsakiya yana nuna 36. Tsakiyar batir ita ce ta fi ko'ina zafi, babu yadda za a yi ta fi gefe sanyi. Sandunan caji kuwa da ke kan allon motar suna tashi daga biyu masu ruwan hoda zuwa kore cikin 'yan mintoci, su sake zubewa.

Kafin in faɗi abin da ke ciki, zan tsaya a kan maganar tsaro, domin bolt 200 na batir yana kisa. A kashe mota, a fitar da makulli a nisanta shi da ita. A cire kan negatib na ƙaramin batir. A sa safar hannu ta masu aikin lantarki wadda aka yi don bolt 1,000, a hura ta tukuna a tabbata ba ta huje ba. Safar leburanci ko ta wanke-wanke ba ta wannan aikin. A zare filogin nan mai ruwan lemo da ke gefen hagu na akwatin, a sa shi a aljihu don kada wani ya mayar. A jira minti 10 wutar da ke cikin inbata ta sauka, sannan a auna a tabbata. A cire zobe da agogo. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne, zare filogin raba batirin gida biyu kawai yake yi. Kowane ɓangare yana nan da wutar da za ta iya kashe mutum har sai an kwance farantan jan ƙarfen da ke haɗa kawunan modul. Ina naɗe sufanata da tef, ina aiki da hannu ɗaya, kuma ba na barin yaro kusa.

Mu biyu muka sauke akwatin. Da na buɗe murfi na kwance farantan, na auna kowane modul a zaune. Duka 28 suna tsakanin bolt 7.71 da 7.78.

Yaya ya leƙo ya ce, "To ai ga shi duk daidai suke. Haka shi ma mai gyaran ya nuna mini a mita."

Na ce, "Yaya, a nan aka yi maka rufa-ido, ko da shi bai yi niyya ba."

Wannan shi ne abin da ya sa na zauna rubuta labarin nan. Bolt ɗin modul a zaune ba ya faɗin lafiyarsa. Abu ɗaya kawai yake iya tonawa, wato sel ɗin da ya mutu murus, domin irin wannan modul zai nuna ƙasa da 'yan'uwansa da wajen bolt 1.2. Amma modul mai amfiya-awa 2 da mai 6 za su iya nuna lamba ɗaya a mita. Masu haɗa batir da yawa suna jona duk fozitib wuri guda, duk negatib wuri guda, su bar su kwana, da safe bolt ya daidaita su ce an yi balansin. Kamar ka jera kofi da bokiti da duro ne ka cika kowanne zuwa baki. Duk a cike suke, amma a fara ɗiba a ga wanda zai riga ƙarewa.

A cikin mota kuwa modul ɗin a jere suke, kan wannan a wutsiyar wancan, wuta iri ɗaya ke ratsa su duka. In motar ta ja, ƙaramin ne zai fara ƙarewa, sauran kuma su ci gaba da tura wuta ta cikinsa har sel ɗinsa mafi rauni ya juye, fozitib ya koma negatib. In caji ya dawo, shi zai fara cika, abin da ya ƙaru ya zama zafi da iskar gas. Gas ɗin in ya yi yawa yana fita ta bawul ɗin sama, ruwan cikin sel ya ragu, cikinsa ya ƙara ƙanƙancewa. Kowace rana ciwon yana ciyar da kansa. Shi ya sa batirin da aka haɗa da awon mita kawai yake yin wata ɗaya ko biyu lafiya, sannan ya faɗi.

Gwajin lodi na fara yi, domin shi ne mai sauri. Na ɗauki ƙwan fitilar gaba mai wat 55, na jona wa kowane modul na tsawon minti 2 daidai da agogo, na rubuta bolt kafin da kuma a ƙarshen minti na biyu. Yawancinsu sun sauka da 0.20 zuwa 0.26. Modul na 14, ɗaya daga cikin biyun da ke bulok na 7, ya sauka da 0.61 kuma yana ci gaba da zurarewa. Na 9 da na 17 sun sauka da kusan 0.40. Waɗannan biyun kwamfuta ba ta kai ga kama su ba, amma suna kan hanya. Ba na dogara da ƙirga modul daga gefe don gano bulok, domin wanda ya fara daga ɓangaren da ba shi ba zai cire lafiyayye ya bar marar lafiya. Siririyar wayar awo nake bi har soket, kuma awon lodin ya tabbatar.

Sai gwajin ciki, wato auna amfiya-awa nawa kowanne ke ɗauka da gaske. Wannan shi ne mai cin lokaci, kuma shi ne masu sauri ke tsallakewa. Na yi amfani da ƙananan cajoji huɗu irin na masu jiragen wasa, waɗanda ke iya caji da sauke caji suna ƙirgawa. Kowane modul ana sauke shi zuwa bolt 6.0, wato bolt 1.0 a kowane sel, a rubuta abin da ya bayar. Sannan a caje shi da amfiya 2, a sa wa cajar iyakar kusan miliamfiya-awa 7,200, fanka tana hura shi. A bar shi ya huce, a maimaita. Zagaye uku nake yi, domin tsohon modul na nikel yakan farfaɗo da wani ɓangare na cikinsa a zagaye na biyu da na uku, kuma lambar zagayen ƙarshe ita ce ta gaskiya. Irin waɗannan cajoji wat 5 kawai suke iya saukewa, wajen amfiya 0.7, don haka zagaye ɗaya yana cin kusan awa 10. Da batirin sola na ciyar da su, saboda in wuta ta ɗauke a tsakiyar zagaye lissafin ya lalace.

Doka ɗaya ba a karya ta a nan: ba a cajin modul a sake. Dole ya kasance a matse cikin sandunansa tare da 'yan'uwansa, ko tsakanin katakai biyu da aka ɗaure tam. In an caje shi a sake, gas zai kumbura shi kamar burodi, kuma in ya kumbura ya gama aiki. Haka kuma ba a kwance sandunan matsewa batir yana da zafi ko an gama cajinsa yanzu. A bar shi ya kwana.

A kwana na shida Yaya ya zo, ransa a jagule. Mota a ajiye, kuɗin makaranta ya matso.

"Ƙanena, ba za ka canza guda ɗayan nan kawai ka ba ni mota ba?"

Na nuna masa littafin da nake rubutu. Na ce, "Yaya, in na yi haka, kafin wata biyu na 9 zai dawo da kai, bayansa na 17. Kowane dawowa sauke akwati ne da asarar yini. Ka ƙara mini sati ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya sa albarka.

Ga abin da littafin ya nuna a ƙarshe. Modul guda 22 suna tsakanin amfiya-awa 4.2 da 4.8, wanda ba laifi ga batirin da ya haura shekara 15. Na 14 ya tsaya a 1.9, na 9 a 2.6, na 17 a 2.8. Biyu kuma sun kai kusan 6, da gani daga batirin da ya fi wannan ƙuruciya aka ciro su aka saka. Mutane suna ɗauka saka modul mai ƙarfi cikin tsofaffi alheri ne. Ba ya ƙara wa batirin komai, domin mafi rauni ne ke yanke iyakar kowa, kuma bulok ɗin da ya fi sauran ƙarfi sosai yana faɗaɗa tazarar da kwamfuta ke gani tsakanin na sama da na ƙasa. Abin da ake nema shi ne su yi kusa da juna, ko da duka matsakaita ne.

Saura ɗaya, na 22. Cikinsa 4.4 ne, lodi ma ya ɗauka, amma a ƙasansa na ga farin gari kamar kanwa ya bushe har kan farantin akwatin. Ruwan wannan batir ba asid ba ne irin na batirin mota da muka saba, ɗan'uwan soda ne mai cin fata da ido, kuma yana ɗaukar wuta. In ya tsiyayo ya taɓa ƙarfen akwati, wutar babban batir ta sami hanya zuwa bodin mota. Motar tana sa ido a kan wannan, in ta gano sai ta fitar da P0AA6. Halin wannan lamba shi ne, motar za ta ci gaba da tafiya, amma da zarar an kashe ta ba za ta sake kawo READY ba. Ƙaramar lambar da ke biye da ita tana nuna wurin: 612 ɓangaren batir, 611 kwamfiresar AC, 613 giya da motocin lantarkinta, 614 ɓangaren inbata da manyan wayoyi. Ga hanyar da nake bi in gano yoyo da mita kawai: a sa tsinke ɗaya a kan modul, ɗaya a jikin akwati. In babu yoyo, lambar za ta yi ta sauka zuwa kusan sifili. In ta tsaya cak, akwai hanya. A kan na 22 ta tsaya. Da na duba da kyau, gindin ƙusar kansa ya tsage, alamar an ɗaure notin da ƙarfin tsiya.

Tunda na ambaci 611, bari in ja kunnen masu irin wannan mota. Kwamfiresar AC ɗinta ta lantarki ce, kuma man da ke cikinta na musamman ne, ND-11, wanda ba ya ɗaukar wuta. In mai ɗura gas ya zuba man kwamfiresa na gama-gari, motar za ta iya fitar da P0AA6, a yi ta zargin batir alhali ba ruwansa.

Na koma kan bulok na 11 mai tsalle. Ba cikin modul ɗinsa biyu ne ke kawo tsallen ba. Laifin yana jikin siririyar wayar da ke kai awon bolt zuwa kwamfutar batir. Koren tsatsa ya ci ta a daidai inda aka matse ta da zoben kanta, silin waya biyu kawai suka rage. Noti ɗaya kuma a wurin da yatsa na kwance shi, farantin da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi saboda zafi. Da wayar ta ƙarasa tsinkewa, da motar ta fitar da P3030. Na zare soket mai ruwan lemo da ke shiga kwamfutar, na tarar da kore ya fara hawa ƙafafu biyu. Wannan wuri abin tsoro ne, domin ƙafafun suna dab da juna kuma akwai bolt mai yawa a tsakaninsu, tsatsa in ta haɗa su soket ɗin yana ƙonewa. Ban yi wa wayar faci ba, na canza damin wayoyin awon gaba ɗaya, na wanke ƙafafun kwamfutar da ruwan wanke soket da ƙaramin buroshi. Farantan jan ƙarfe na jiƙa su a ruwan khal na awa ɗaya, na goge, na ɗauraye da ruwa mai tsabta, na shanya har suka bushe sarai. Waɗanda suka yi rami na zubar, notuna kuma na sa sababbi.

Batun zafi shi ya fi ba ni takaici, domin gyaransa bai kai komai ba amma shi ya dafa batirin. Sensar tsakiya ba a maƙale ta a ƙasan modul ba, tana lilo ne a cikin hanyar iska, iskar take aunawa. Kwamfuta na ganin tsakiya da sanyi. Fankar batirin kuma, wadda ke ɓoye a bangon but na dama, da na kwance ta na tarar fukafukanta sun cushe da ƙurar hunturu da zare da gashi, sun zama kamar tsumma. Sannan ramin da take shaƙar iska, wanda ke gefen kujerar baya ta dama, rigar kujerar da aka ɗinka wa motar ta rufe rabinsa. Wannan batir da iskar cikin mota ake sanyaya shi. Direban da ke kashe AC a zafin Maris da Afrilu don ya rage shan mai, ya sani batirinsa ma wannan zafin yake shaƙa, kuma abin da zai biya a batir ya fi abin da ya tara a mai. Na wanke fankar da buroshi da iska, na yanke rigar kujerar a daidai ramin.

Modul shida na nema: madadin raunana uku, mai yoyo ɗaya, da masu ƙarfi biyun nan. Daga batirin wata motar da ta yi haɗari na samo goma, na yi musu gwajin da na yi wa namu, na zaɓi shida da suka faɗo tsakanin 4.3 da 4.8. Na kuma cika su na ajiye su kwana 7 in ga wanda ke zubar da caji da kansa, domin akwai modul da zai ci gwajin lodi da na ciki amma ya tsiyaye a zaune. Ɗaya daga cikin goman haka ya yi, na ware shi.

Wajen jerawa, na kai mafiya ƙarfi tsakiya inda zafi ya fi yawa, waɗanda suka daɗe a tsakiya na dawo da su gefe. Na haɗa kowane bulok yadda jimillar biyun za ta yi kusa da ta sauran. Kawunan modul suna juyawa ne, fozitib, negatib, fozitib, negatib. Na bi su da mita sau biyu kafin in ɗora faranti ko ɗaya, domin modul ɗaya da aka juya kuskure ne mai tartsatsi da ƙuna. Notunan kai masu lamba 8 ne, ana ɗaure su da sufana mai awo a kan nitan-mita 5.4. Ƙasa da haka faranti ya yi zafi, sama da haka ƙusa ta tsage ta fara yoyo kamar na 22. Na mayar da robar fitar da gas a saman modul, na maƙale sensoci uku kowacce a wurinta har na ji ƙarar shigarta.

Daidaitawa ta gaskiya a ƙarshe na yi ta, da cajar da ke cajin batirin gaba ɗaya a jere da ƙaramar wuta, miliamfiya 350, fanka tana hurawa ba tsayawa. Da irin wannan ƙaramar wuta, sel ɗin da ya riga cika yana mayar da rarar zafi kaɗan da fanka ke kwashewa, na baya kuma su ci gaba da hawa har kowa ya cika. Bolt ya hau ya tsaya wajen 238, na bar shi awa 4 a haka ina taɓa jikinsa, sannan na cire na bar shi ya huce har washegari.

Da muka mayar da akwatin na danna maɓalli, READY ta ƙi fitowa, na'ura ta nuna P0A0D. Filogin ruwan lemon nan matakai uku ne: a tura shi, a ɗaga hannunsa, sannan a zuge hannun ƙasa har ya kulle. Mataki na ukun ne ban ƙarasa ba, shi kuwa ke shaida wa kwamfuta cewa an rufe. Na zuge shi, na goge lambar, na sake dannawa. Muka ji ƙwas-ƙwas ɗin makunnan da ke haɗa babban batir da mota daga baya, READY ta fito, inji ya tashi ya yi ɗumi ya mutu da kansa. Yaya ya ce rabon da ya ji ta yi shiru haka tun kafin azumi.

A gwajin hanya na sa shi ya taka sosai a hawa, ya kuma yi dogon burki a gangara. Tazarar da ke tsakanin bulok mafi sama da mafi ƙasa ba ta wuce bolt 0.25 ba a mafi tsananin ja, a tafiyar yau da kullum tana wajen 0.10. Turjiyar cikin buloka, wato yadda suke tare wa wuta hanya, ta zauna tsakanin om 0.021 da 0.024. Sensocin zafi suka nuna 37, 39, 37, ta tsakiya ta fi, yadda ya kamata. Na gargaɗe shi da abu ɗaya: kada ya daɗe a giyar N cikin cunkoso, domin a N inji ba ya cajin batir. Motar nan ba ta da kik irin na sauran motoci, babban batirin ne ke tada inji, in ya sauka ƙasa sosai sai an nemo caja ta musamman.

Na faɗa masa gaskiya a ranar, a gaban matarsa. Modul ɗin nan tsofaffi ne, kashi biyu cikin uku na ƙarfinsu na asali ya rage, aikin da na yi lokaci ya saya masa. Ya shiga adashe da niyyar sayen sabon batir. Duk ƙarshen wata yana kawo motar in jona na'ura in rubuta buloka 14 a littafin nan, duk wata uku kuma mu kwance fanka mu wanke. Yanzu wata na tara ke nan. A awon da ya wuce bulok na 3 ya fara sauka da 0.18 ƙasa da 'yan'uwansa in an taka, a watan da ya gabace shi 0.12 ne. Na ja masa layi da jan biro, kuma modul biyu daga cikin ragowar goman nan suna matse a kan shiryayye, ina cajinsu duk wata.